Sanarwa ga ƴan rukuni kan katun ɗin Mr. Peabody

Assalamu alaikum iyaye da malamai. Ga masu shirin nuna wa yara Mr. Peabody, farin karen nan mai tabarau da ke riƙon yaro Sherman: katun ɗin Amurka ne na 1959, kashi 91, kowanne kusan minti biyar. Na'urarsu WABAC ke mayar da su zamanin da, su tarar da irin su Napoleon, tsohon sarkin Faransa, cikin rikici, su warware.

Amma a kula, da gangan aka murɗe tarihin don ban dariya, yaro kuwa sai ya haddace shi a matsayin gaskiya. Don Allah a fara ba shi ainihin labarin mutumin da za su tarar a kashin kafin a kunna. Kashi ɗaya a zama ya isa. Wasan kalmomin da Peabody ke rufewa da shi na Turanci ne, ba ya fassaruwa, a bayyana shi kawai.