Wasiƙa daga Buhoma

Assalamu alaikum aminina,

Da fatan kana lafiya, da iyali da su Hajiya. Ka yafe min shirun nan, aiki ne ya kai ni kudu maso yammacin Yuganda, wani ƙauye da ake kira Buhoma, a bakin dajin Bwindi. Sanyin wurin sai ka ce Jos a watan Disamba, ga ruwan sama ba ya sallama.

Ka san ni da tsoron kwasar cuta a wurin namun daji. To a nan abin a juye yake: mu ake tsoron mu shafa wa gorila, manyan goggon birin nan na kan duwatsu. Duk duniya ba su fi dubu da 'yan kai ba, kuma jikinsu ya yi kusa da namu ƙwarai, murar da za ka sha shayi ka warke tana iya kashe su. Shi ya sa mutum takwas kawai ake bari su ziyarci garke ɗaya a rana, awa ɗaya tak, da takunkumi a fuska, kuma daga nesa. Mai tari sai ya haƙura, ko da ya biya dala 800 ɗinsa.

Amma ba dokar hukuma ce ta fi burge ni ba. A 1996 ƙazuwa ta kama wani garke har jariri ɗaya ya mutu. Dakta Gladys Kalema-Zikusoka, likitar dabbobi, ta bi diddigi ta gano daga mutane cutar ta fito, domin birran kan shiga gonakin ayaba su taɓa tsummokaran da aka rataya wa mutum-mutumi. A 2003 ta kafa ƙungiya, aka horar da 'yan sa kai daga ƙauyukan. Su ne ke bi gida-gida suna maganar haƙa masai, wanke hannu, tafasa ruwa, da kai mai tarin fuka asibiti. Wasu kuma aikinsu kora birran su koma daji idan sun fito gona, ba duka ba jifa.

Na bi wata dattijuwa cikinsu yini guda. Ba ta yi wa kowa wa'azin kare dabbobi ba. Maganarta ɗaya ce: in biri ya kwanta, baƙo ba zai zo ba, in baƙo bai zo ba, ɗanka mai ɗaukar kaya ya rasa na cefane. Sun gani da idonsu a 2020, lokacin da korona ta rufe dajin.

Sai na tuna zuwanmu Yankari, yadda muka riƙa miƙa wa birran Wikki ragowar burodin da muka gutsura, muna dariya. Wallahi kunya ta kama ni.

Ina tafe bayan Sallah in Allah ya yarda, da gahawar da manoman nan ke nomawa. Ka tanadar min kilishi, na gaji da dafaffiyar ayaba.

Naka har kullum,
Amininka