Ina son 'ya'yana su san Kakata, amma ziyarar na neman gagarata

Assalamu alaikum Anti. Ya aiki, ya fama da jama'a? Don Allah a sakaya sunana.

Ni matar aure ce mai 'ya'ya uku. Babbar shekararta 5, mai bi mata namiji ne ɗan shekara 2, sai ta goye 'yar wata 7. Kakata ta wajen uwa tana raye, ta haura shekara 85. A hannunta na tashi, don haka zuwa gaishe ta ba sai an tuna min ba. To amma shekara biyu ke nan mantuwa ta kama ta. Likita ya ce ba rikicin tsufa ba ne kawai, ciwon ƙwaƙwalwa ne wanda ba ya warkewa, sai lallaɓawa. Da safe takan gane mu. Da yamma ta yi kuwa sai ta rikice, ta yi ta tambayar yaushe za a mayar da ita gida, alhali tana zaune a kan gadonta.

Ranar iyaye mata da ta wuce, Lahadi ta biyu a watan Mayu, Mama ta ce mu haɗu duka a wajen Kaka. Muka je. Na ɗora mata jaririyar a cinya, na tallafe ta ta baya saboda hannun Kaka na rawa. Ta ƙura mata ido, ta shafa kanta, ta fara rera waƙar da take min ina ƙarama, ba ta ɓata ko kalma ɗaya ba. Matar da ba ta tuna abin da aka yi minti biyar da suka wuce! Sai ta kira yarinyar da sunana. Anti, ban san lokacin da hawaye suka zubo min ba.

Daɗin bai daɗe ba. Yarinyar tana lokacin ƙyuya, ta callara kuka. Kaka ta ɗauka wani ya dake ta, ta hau faɗa. Muna rarrashin su biyun, na waiga ban ga yaron ba. A bayan gado na same shi, ya buɗe robar maganin hawan jinin Kaka, ƙwayoyi warwatse a ƙasa, ɗaya a dunƙule a hannunsa. Na durƙusa ina ƙirga su jikina na ɓari, daga nan sai asibiti. Allah ya tsare bai haɗiye ba, amma ma'aikaciyar jinya ta ce akwai irin maganin da ƙwaya ɗaya ko biyu kan iya jefa ƙaramin yaro cikin hatsari.

Tun ranar maigidana ya ce kada in sake kai yaran. Ya ƙara da cewa kullum ziyarar kan ci wa yaron barcin rana, mu dawo yana ta rigima har dare. A nan yana da gaskiya, don Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro ɗan shekara 1 zuwa 2 na bukatar barcin awa 11 zuwa 14 a cikin awa 24, har da na rana. Mama kuma ta ce yaran nan ne kaɗai ke sa Kaka murmushi, wa ya san kwana nawa suka rage mata? Idan na ce mu riƙa zuwa da hantsi mu yi awa ɗaya mu tafi, sai ta ce na mayar da uwarta baƙuwa.

Ni dai ba wanda ya tambaye ni. A ranar nan ta iyaye mata ni ce wanke-wanke, ni ce canjin kunzugu, ni ce zaman asibiti, ko sannu ban samu ba. Ba kyauta nake roƙo ba, amma ai ni ma uwa ce.

Anti, ta yaya zan shawo kan Mama ta yarda da gajeriyar ziyara ba tare da ta ga na raina ta ba? In riƙa barin yaron a gida in tafi da matan, ko hakan zalunci ne gare shi? Babbar kuma ta fara tambayata me ya sa Kaka ke tambayar sunanta sau goma a zama ɗaya. Jiya ma cewa ta yi ko Kaka ta daina son ta ne. Me zan gaya wa 'yar shekara 5?

Taki,
Uwar yara uku