A riƙa duba wutar hadis ɗin kwamfuta kafin a saya

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in ja kunnen masu laftof, don ni na ɗanɗana kuɗata.

Watan jiya hadis ɗin kwamfutata, wato ma'ajiyar bayananta, ya fara ƙara ƙas-ƙas, sannan ya mutu da sakamakon jarrabawar ɗalibaina a ciki. Na garzaya kasuwa. Wani yaro mai shago ya ce, "Malam, bar tsohon yayi, sa SSD." SSD sabon samfurin ma'ajiyar bayanai ne. Ya ɗauko ƙarami irin wanda ake kira M.2, ya ɗora shi kan wata 'yar adafta mai araha, ya zura a gurbin tsohon. Muna kunnawa sai ƙauri.

Ashe gurbin hadis mai inci 2.5 volt 5 yake bayarwa, shi kuwa M.2 volt 3.3 yake sha, adaftar kuma ba ta da abin rage wuta. Yaron ya dage wai wutar gari ce, alhali a jikin cajata an rubuta tana karɓar volt 100 zuwa 240. Kuɗina dai sun tafi.

Yanzu SSD mai inci 2.5 na sa, bayan na karanta 5V a bayansa da idona.

Naku,
Wani malamin makaranta, Zariya