Korar kurege daga gida ba ta isa ba sai an toshe masa hanya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in ja hankalin magidanta da ke zaune a bakin gonaki game da kurege, wanda yakan addabi gidaje da zarar an kwashe gyaɗa an kai rumbu. Mutane da yawa sukan kama ɗaya ko biyu da tarko su saki jiki, alhali muddin raminsa yana buɗe kuma abinci yana zube a tsakar gida, wani kuregen zai zo ya gaji wurin.

Kuregen ƙasarmu a rami yake kwana, galibi a gindin katanga, ko cikin tsohon suri, ko ƙarƙashin tarin kara. Saboda haka kafin a toshe rami, ya kamata a rufe bakinsa da ƙasa maras tauri a jira kwana biyu ko uku don a gane ko har yanzu akwai kurege a ciki. Idan ba a tone ba, sai a cika shi da tsakuwa a shafe da siminti, domin ƙasa zalla ba ta gagarar faratansa. Haka kuma a share ciyawa da karan da ke jingine da katanga, a ɗora rumbu kan duwatsu, a adana irin shuka cikin duro mai murfi maimakon buhu.

Guba kuwa ba na goyon bayanta ko kaɗan, domin kaji da awaki da ƙananan yara sun fi kurege saurin kaiwa gare ta.

Na gode.

Mai karatunku daga Kazaure