A tare gobarar daji a ƙasar Zazzau tun kafin ta tashi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarku in yi magana a kan gobarar daji, wadda duk shekara take cinye wani kaso na gumin manoma da makiyaya a ƙauyukan da ke kewaye da Zariya, amma ba kasafai ake jin labarinta ba, saboda ba a tsakiyar kasuwa take tashi ba.

A nan wajenmu ruwa yakan ɗauke a watan Oktoba, daga Nuwamba kuma iskar hunturu ta fara busowa daga arewa maso gabas, ta tsotse duk wata laima da ta rage a jikin ciyawa. A shekarar da damina ta yi gardama ko aka yi fari, gamba da kyasuwa sukan bushe ƙayau tun amfanin gona yana daji, dawa a tare ba a sussuke ba, waken soya a jibge, harawa a kan bishiya, kara a tsaye. Idan wuta ta kama a irin wannan yanayi da tsakar rana, gudunta ya fi ƙarfin mutanen da suka fito da ɗanyen reshen darbejiya suna bugu, domin iska tana ɗaukar tartsatsi ta tsallake hanya da shi, sai a ga wata wutar ta tashi a bayan masu kashewa. Kafin labari ya iso gari, kafin motar 'yan kwana-kwana ta sami hanyar shiga gonar da ko babur da ƙyar yake kaiwa, mai gona ya riga ya tsaya a kan toka.

Wutar nan ba daga sama take faɗowa ba, kuma duk wanda ya tashi a karkara ya san masu kunna ta. Akwai samarin da ke cinna wa daji wuta don su kori gafiya da zomo, akwai mai ɗibar zuma da ya jefar da bakin wuta, akwai mai gawayi da ya bar raminsa bai mutu ba, akwai manomin da ya ƙona shara ya koma gida bai tsaya ya ga ƙarshenta ba, haka kuma akwai makiyayin da ke ƙona tsohuwar ciyawa don sabon toho ya fito. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne farautar gafiya, domin ba ya shiga hankali a ce saboda naman da ba zai cika kwano ba, magidanci ya rasa abincin iyalinsa na shekara. Asarar kuma ba ta tsaya a hatsi ba. Wuta tana cinye ganye da karan da ya kamata su ruɓe su zama taki, tana kashe ƙananan ɗorawa da kaɗanya da kanya, ta bar ƙasa tsirara, ruwan farko ya zo ya wanke ta. Idan wurin kiwo ya ƙone, shanu sukan gangara fadamun Galma neman abinci, inda masu noman rani suka zuba tumatir da albasa, kowa kuma ya san irin rigimar da kan biyo baya.

Wasu za su ce maganin shi ne a ƙaro motocin kashe gobara. Ina goyon bayan a ƙaro su, amma ya kamata mu dubi abin da ya faru a ƙasashen da suka fi mu kayan aiki. A watan Janairu na 2025, bayan watanni ba ruwan sama, wuta ta tashi a yankin Los Angeles na Amurka, iska mai ƙarfi ta hana jiragen kashe gobara tashi a daren farko, wasu famfunan unguwanni suka ƙafe, dubban gidaje suka ƙone. A watan Agusta na 2021 gobarar daji a yankin Kabiliya na Aljeriya ta hallaka mutane da dama, har da sojojin da aka tura ceto. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Darasin da na ɗauka shi ne, idan wuta ta haɗu da fari da iska, ko mai jirgi sai ya jira iskar ta lafa, balle mu.

Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar sun daɗe suna share dogayen layuka masu faɗi a cikin dajin kiwo da zarar damina ta wuce, ta yadda wuta za ta zo ta tarar babu abin ci, ta tsaya. Wannan aiki ne na fartanya da manjagara, kuma gayya ɗaya ta isa ta kewaye gonakin unguwa guda da wurin da aka tara amfani. Wanda kuma dole sai ya ƙona shara, ya bari sai da sassafe ko da yamma lis lokacin da iska ta kwanta, ya sanar da maƙwabtan gonarsa, ya tsaya har wutar ta mutu murus.

Saboda haka ina kira ga Masarautar Zazzau da ta umarci hakimai da dagatai da masu unguwanni a Giwa, Soba, Kudan, Maƙarfi da Igabi su zauna da sarkin noma da arɗo da shugabannin mafarauta tun a watan Oktoba, a sa ranar gayyar share layuka, a kuma amince a bainar jama'a cewa wanda aka tabbatar ya saki wuta zai biya abin da ta ci. Malaman gona na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, waɗanda suka saba yi wa manoma bayani da Hausa a rediyo, su ware shiri na musamman a kan faɗin layin da ya dace da lokacin yin sa. Limamai ma su taimaka da tunatarwa a huɗubar Juma'a. Ku kuma 'yan jarida, ina roƙon ku tura wakilanku ƙauyukan nan a watan Disamba da Janairu, su ji daga bakin waɗanda abin ya shafa, su buga.

Na gode.

Naka,
Mai karatu daga Tudun Wada, Zariya.