Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinan Aikin Gona Na Jihar Kano Kan Cutar Yaushin Tumatir

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan wata cuta da ke cin tumatir ta ƙarƙashin ƙasa, da kuma wata hanya mai sauƙin kuɗi ta rage ɓarnarta, wadda nake ganin ma'aikatarka ce ta fi cancanta ta jagoranci kawo ta gonakinmu.

Lokacin da tsutsar Sharon ta afka wa tumatir a 2016, kowa ya gani. Ta cinye ganye da 'ya'ya a fili, farashin kwando ya yi tashin gwauron zabi, har jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin. Cutar yaushi ba ta yin irin wannan ƙarar. Tana ɗaukar tushe ɗaya a wannan kwami, uku a wancan, manomi ya ce ƙishirwa ce ya ƙara ruwa, ko ya ce yunwa ce ya ƙara takin zamani. Sai baɗi ya ga abin ya faɗaɗa a daidai wurin da ya fara. Duk wanda ya yi noman rani a Kadawa, Kura, Bunkure ko Garun Malam ya san hotonta: ganyen ƙasa su fara rawaya, sau da yawa a ɓangare ɗaya na tushen, shuka ta lanƙwashe da rana tsaka ta ɗan farfaɗo da yamma, kwana kaɗan kuma ta daina farfaɗowa. Galibi tana bayyana ne lokacin da tumatir ya fara 'ya'ya, wato bayan manomi ya gama zuba kuɗinsa.

Mai jawo ta wata fumfuna ce da masana ke kira Fusarium oxysporum, nau'in da ya keɓanta da tumatir. Tana shiga ta saiwa, musamman inda saiwar ta ji rauni wajen dashe ko inda ƙananan tsutsotsin nan masu sa saiwa ƙulli suka huda, sai ta hau cikin jijiyoyin da ke kai ruwa sama ta toshe su. Shi ya sa shuka ke mutuwa da ƙishirwa alhali kwaminta jiƙe yake. Idan aka tsaga karan a tsaye, za a ga jijiyoyin sun yi launin ƙasa-ƙasa. Ta fi ƙarfi idan zafin ƙasa ya kai wajen digiri 28, don haka wanda ya yi dashe a makare, amfaninsa ya shiga zafin Maris da Afrilu, shi ya fi shan wahala. Ƙwayoyinta masu kaurin ɓawo suna zama cikin ƙasa shekaru ko da babu tumatir a gonar, kuma suna bin ruwan ban-ruwa, ƙasar da ta maƙale a fartanya, da irin dashe da maƙwabci ya ba maƙwabci don zumunci.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kuɗin feshi. Manomi ya je shagon magani ya kwatanta abin da ya gani, a miƙa masa kwalba, ya goya tankin feshi ya wanke ganye. Cutar kuwa tana cikin kara da saiwa, inda feshin ba ya kaiwa. Tushen da ya riga ya kamu ba ya warkewa. Sannan akwai wani yaushin dabam da bakteriya ke haddasawa, mai kashe shuka da sauri tana kore shar. Bambance su ba ya buƙatar ɗakin gwaji: a yanke karan a rataya bakinsa cikin kofin gilashi mai ruwa garai, idan wani farin abu kamar hayaƙi ya riƙa zubowa, bakteriya ce. Wannan gwaji na 'yan mintoci ya kamata a ce kowane malamin gona na KNARDA, hukumar bunƙasa noma da raya karkara ta jihar Kano, da kowane mai shagon magani ya iya shi, domin matakin da za a ɗauka ya danganta da wacce ce a cikin biyun.

Ranka ya daɗe, ƙasar da ke ɗauke da wannan muguwar fumfuna tana ɗauke da wasu masu yaƙar ta. Wadda aka fi sani ita ce Trichoderma, mai yin kore-kore a kan ruɓaɓɓen itace da takin da ya nuna. Tun 1932 wani masani mai suna Weindling ya nuna cewa tana cin wasu fumfunoni masu cutar da shuka. Idan ta riga ta mamaye saiwa, tana cinye abinci da wurin da Fusarium za ta zauna, tana naɗe zaruruwanta ta narkar da su da sinadaran da take fitarwa, sannan zamanta a saiwa yana zaburar da garkuwar shukar kanta. Aikinta aikin mai gadi ne: sai an ajiye shi a ƙofa kafin ɓarawo ya iso. A nan ne duk dabarar take. Wurin sa ta shi ne wurin rainon iri, a gauraya ta da iri kafin shuka, a zuba ta cikin takin gargajiya da za a shimfiɗa, a kuma tsoma saiwar dashe cikin ruwanta kafin a kai gona. Fili ne ɗan ƙarami, hodar da ake buƙata kaɗan ce, amma daga nan kowane tushe zai tafi gona da kariyarsa.

Ba sabon abu nake kawowa ba. A Indiya, Jami'ar Aikin Gona ta Tamil Nadu ta daɗe tana ba manoma shawarar giram 4 na hodar Trichoderma viride ga kowane kilo na iri, da kilo 2.5 a gauraya da kilo 50 na takin dabbobi ga kowace hekta. A Kenya akwai kamfanoni irin su Real IPM da ke sarrafa ta suna sayar wa masu noman furanni da kayan lambu. Mu ma a gida mun riga mun ga irin wannan aiki ya yiwu. Aflasafe, wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar tare da abokan aikinta, fumfuna ce mai amfani da aka zaƙulo daga ƙasar Najeriya, aka ɗora ta a kan ƙwayar dawa mai launin shuɗi, ana watsa kilo 10 a hekta don rage gubar afalatoksin a masara da gyaɗa. Manomanmu sun karɓe ta. Ita ma Trichoderma ana iya renon ta a kan dawa, dusa ko ɓuntun shinkafa, kuma wanda ya san injinan casar shinkafa na Kura ya san ɓuntu ba abin nema ba ne a Kano.

Dole a gaya wa manomi iyakarta tun farko. Tana rage cutar ne, ba ta share ta, kuma sakamakonta yana bambanta daga gona zuwa gona. Ba ta taɓa Sharon. Halitta ce mai rai, zafi yana kashe ta, kuma hodarta watanni kaɗan take yi da ƙarfinta. Maganin fumfuna irin su carbendazim yana hallaka ta idan aka haɗa su. Tana kuma son a tallafe ta da sauran matakai: iri mai juriya irin su Roma VF da UC82B (duk da cewa cutar jinsi uku ce, juriya ga ɗaya ba ta nufin juriya ga sauran), hutar da fili daga tumatir na wasu shekaru, tumɓuke tushen da ya kamu a ƙone shi, da rage yawan takin yuriya.

Wannan raunin nata ne ya sa na ce aikin hukuma ne. Idan aka bar shi a hannun kasuwa kaɗai, za a shigo da leda mai kyawun rubutu daga waje, ta kwana a tashar jiragen ruwa, ta sha rana a bayan mota, ta zauna a shago mai rufin kwano har abin da ke ciki ya mutu. Manomi ya saya, bai ga komai ba, ya yanke hukunci cewa yaudara ce, kuma ba zai sake waiwayar ta ba ko an kawo masa ta ƙwarai.

Roƙona shi ne ma'aikatarka ta zauna da masanan da muke da su a kusa: Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, Cibiyar Noma a Busassun Yankuna ta Jami'ar Bayero, da reshen cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa (NIHORT) na Bagauda. A tono Trichoderma daga ƙasarmu, domin wadda ta saba da zafin Kano ta fi wadda aka reno a ƙasar sanyi damar rayuwa a nan. A gwada ta a gonakin manoma na gaske da cutar ta addaba, kwami mai ita kusa da kwami marar ita, har rani biyu ko uku, a bar manoma su ƙirga tushen da suka mutu da kwandunan da aka tsinka da idonsu. Idan ba ta yi ba, a faɗa a fili. Idan ta yi, a kafa ƙaramin wurin sarrafa ta kusa da Kadawa don ta isa hannun manomi da ranta, a yi mata rajista da NAFDAC, a buga ranar sarrafawa da yadda ake amfani da ita da Hausa da ajami a jikin leda.

Masu sana'ar rainon iri su ya kamata a fara horarwa, domin hannun mutum ɗaya daga cikinsu yana ciyar da gonaki da yawa, ko da lafiyayyen dashe ko da mai ɗauke da cuta. Sannan duk lokacin da gwamnati za ta raba tallafin noman rani, a sa wannan hoda cikin kayan tare da malamin da zai nuna yadda ake gauraya ta, kada a tsaya ga buhun taki da kwalbar feshi kawai.

Ana fara rainon irin tumatir na rani da zarar damina ta ja baya, wajen Satumba zuwa Oktoba. Idan ana son gwajin farko ya shiga wannan kakar, zaman da masana da zaɓen gonakin gwaji sai an kammala su tun damina na tsakiya. Ina roƙon a sa kuɗin wannan gwaji a kasafin ma'aikatar, a kuma gayyaci shugabannin ƙungiyoyin manoman tumatir da dillalan kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan tun zaman farko.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka.

Wassalam,
Wani mai kishin noman rani, daga Kano.