Daren da Ɗanka Ya Yi Busa

Columbus, jihar Ohio

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da su Hajiya. Yaya hunturun Zariya? Mu nan dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina, rana kuma tun biyar da 'yan mintuna take faɗuwa.

Akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun daren Alhamis, na ga kai kaɗai zan iya faɗa wa ka gane inda na dosa. Ɗanka na fari ya yi busa a gaban jama'a, ni kuma ina zaune ina kallo.

Bari in ɗauko maka daga tushe. A nan Amurka, tsakanin firamare da babbar sakandare akwai makaranta ta shekara uku, aji 6 zuwa 8, ta yara 'yan shekara 11 zuwa 14. Kiɗa darasi ne a cikinta kamar lissafi, da malama da maki da komai. Abin ya daɗe a ƙasar nan, tun 1838 aka shigar da waƙa cikin karatun makarantun gwamnati a Boston. Da ɗanka ya shiga aji 6 a watan Agusta sai ya kawo takarda in sa hannu, wai ya zaɓi badujalar makaranta, zai koyi wani abin busa baƙi mai maɓallai da ake kira kilarinet. Kwana uku takardar tana kan tebur ban taɓa ta ba. Ka san yadda aka rene mu. Kiɗa da busa gado ne, suna da gidajensu, kuma namu ba ya ciki. Muna son algaita ranar hawan sallah, tsikar jikinmu na tashi in an busa kakaki a ƙofar fada, amma da wani cikinmu ya ce shi zai busa, ka san abin da zai tarar a gida. Uwarsa ce ta ce in bar shi ya gwada zango ɗaya. Na sa hannu ba da son raina ba, muka ɗauko hayar abin a wani kanti, ana biya wata-wata.

Watannin farko an sha fama. Bakin abin akwai ɗan siririn kara da ake jiƙawa a ɗaura, shi ke kaɗawa ya ba da sauti, kuma in leɓe ya ɗan goce sai ya yi wata ƙara mai huda kunne. Kullum bayan la'asar minti ashirin yake yi a ɗaki. Wata rana na leƙa na ce ya cika kumatu da iska kamar yadda masu algaita ke yi. Ya ce ai malama ta hana, kumatu a lafe ake so. Na tsaya na ba shi labarin yadda mai algaita ke tara iska a kumatu yana shaƙar wata ta hanci, sautin ba ya yankewa. Ya saki baki yana saurare. Ashe ban taɓa ba shi wannan labarin ba.

Ranar taron muka yi isha'i a gida muka fita, ƙarfe bakwai za a fara. A ɗakin wasan ƙwallon kwando aka yi, an jera kujerun ƙarfe, iyaye da kakanni kowa da rigar sanyi a cinya da waya a hannu. Yaran suka shigo a layi, farar riga da baƙin wando, su wajen sittin. Masu sarewa da masu kilarinet a gaba, masu bigila da sauran kayan tagulla a baya, masu ganguna a can ƙurya a tsaye. Na hango shi a sahu na biyu, wuyan rigarsa ya ɗan karkace, yana ta neman mu da ido.

Ba zan ɓoye maka ba, kiɗan bai yi daɗi can ba. Wani ya riga, wani ya makara, ƙarar nan mai huda kunne ta fito ba sau ɗaya ba. Waƙa ta uku wani guntu ne daga babban kiɗan da Beethoven, wani Bajamushe mai tsara kiɗa, ya fitar a 1824, lokacin da ya riga ya kurumce. Ana ba masu koyo shi ne domin farkonsa sautuka biyar kawai yake buƙata, su ne kuma abin da yaran suka iya zuwa yanzu.

A tsakiyar wannan waƙar ne abin ya same ni. Akwai wurin da masu kilarinet za su yi shiru, masu tagulla su karɓa. Sai na ga ya sauke abin busar kan gwiwa, leɓunansa na motsi, ƙafarsa na taɓa ƙasa a hankali. Ƙirga yake yi. Yaron da a gida ba ya iya bari ka kai ƙarshen magana, wanda kullum ƙorafin malamai a kansa shi ne gaggawa, ga shi yana ƙirga shirunsa, ido a kan sandar malama, yana jiran a zo kansa. Da lokacin ya yi suka shigo tare, su goma sha wani abu, kamar mutum ɗaya. Sai na tuna mu a makarantar allo, yadda in ana bitar hadda baki ɗaya kowa ke kasa kunne ga na kusa da shi don kada ya wuce. Ban san sanda hawaye ya zubo mini ba. Wani dattijo Bature da ke gefena ya tambaye ni wanne ne nawa. Ka san mu da kunyar ɗan fari, amma wallahi hannu na ɗaga na nuna shi.

Bayansu 'yan aji 7 suka hau, sannan 'yan aji 8. Na ƙarshen nan sun buga irin kiɗan faretin soja, tsaf, har ƙasan ɗakin na amsawa. Tsakaninsu da su ɗanka shekara biyu ce kacal. Na gane dalilin da ya sa ake jera su haka, don iyayen ƙananan su ji inda aka nufa.

A mota ya yi shiru har muka kusa gida, sannan ya ce, "Baba, ka ji inda na yi kuskure?" Na ce na ji, na kuma ga inda ya jira. Bai ce komai ba, ya rungume akwatin abin busar.

Har yanzu zuciyata ba ta gama kwanciya ba. Na san abin da malamai suka faɗa kan kayan kiɗa, na san saɓanin da ke ciki, kuma ban ɗauki maganar da wasa ba. Sharaɗina da shi dai karatunsa na Alƙur'ani na Asabar da Lahadi ba zai taɓu ba, kuma bai taɓu ba. Takardar zango na biyu ta zo jiya, na sa hannu a take. Ina son jin ra'ayinka, ko da ya saɓa wa nawa. Su Hajiya kuwa ka bar ni in faɗa musu da bakina.

Sai roƙo ɗaya. In ka samu mai zuwa wajen nan kafin Mayu, lokacin taronsu na gaba, ka nemo mini algaita ko da tsohuwa ce, da karan bakinta biyu ko uku. Ya ce yana son ya gwada ta a gaban malamarsu.

Ka gaida mutan gida da yara duka.

Naka har kullum,
Amininka